Kyanwar Malam Labbo

Ranar da Tukur, ma'aikacin asibitin dabbobi na Gusau, ya je ƙauyen Rawayya allurar shanu, can ƙarshen layi sai ga wata yarinya rungume da kyanwa.

"Malam, ƙaya ce ta soke ta."

"Wannan saniyar taki ina ƙahonta?"

Ta sunkuyar da kai tana dariya. Wasila sunanta. Ya cire ƙayar, ya ɗora wa kyanwar abin sauraren ƙirji, don dai kada yarinyar ta tafi da wuri. Sai ya ƙara kasa kunne. A tsakanin bugun zuciyar akwai wani ɗan huci, shuu, shuu.

"Ciwo ne?" in ji Wasila.

"Ko ciwo, ko tsoro kawai. Sai na saurare ta a gida, hankalinta kwance."

Ashe kyanwar ta babanta ce, Malam Labbo. Ita ke tsare masa rumbu, kuma ba ta natsuwa sai a cinyarsa. Da Tukur ya je gidan, tsohon ya gane inda ya dosa, bai kuwa ɓoye masa ba:

"Duba kyanwa na yarda. Amma ɗiyata, ba ni bai wa mai bin shanu gari-gari."

Duk ranar kasuwa Tukur zai taka kekensa ya zo, su zauna a zaure shi da tsohon, ana hirar gero da damina, ana jiran kyanwa ta saba da shi. Yari, maƙwabcinsu mai neman Wasila, in ya wuce sai ya ce, "Sannu likitan kyanwa!"

Wasila kan kawo fura, ta faki idon babanta ta ce a hankali, "Likitana, kar ta warke da wuri."

Wata ranar kasuwa kyanwar ta yi barci a cinyar tsohon. Tukur ya saurara, ya sake saurarawa. Ba huci ko kaɗan. Da zai ce da sauran ciwo, ba mai ƙaryata shi. Ya dubi ƙofar cikin gida, sannan ya sa wa Malam Labbo abin a kunne.

"Baba, ji da kanka. Lafiyarta lau, tsoro ne. Aikina ya ƙare, ba ni da dalilin dawowa."

Tsohon ya daɗe yana saurare.

"Yanzu wa zan yi hira da shi ran kasuwa? Tashi, yaro, ka turo magabatanka."

Bayan kaka aka ɗaura aure. Da za a tafi da amarya Gusau, Malam Labbo ya dafa kanta.

"Allah ya yi maku albarka, ya ba ku zaman lafiya. Ka riƙe mani ita da gaskiya, Tukur."