Bidiyon da Aka Yanke wa Mata Kai

Auta tana zaune a gaban keken ɗinkinta a kusurwar falo, allura a bakinta, tana ƙoƙarin haɗa wuyan wata riga, amma hankalinta ba ya kan ɗinkin. Jim kaɗan sai ta saci kallon wayarta da ke kan hannun kujera.

"Idan kika haɗa yatsanki da rigar mutane kika ɗinke, ni dai ba ruwana," in ji yayarta, wadda ta zo gida da goyonta musamman saboda wannan rana. "Ya ce sai la'asar za a saki bidiyon, ke kuma tun safe kike gadin waya."

Auta ta zare allurar daga bakinta. "Kai Yaya, ni fa ba shi nake jira ba."

"To wa kike jira? Mai gyaran famfo?"

Suka kwashe da dariya har jaririn ya farka.

Auta ita ce ƙaramar 'yar Baba mai gyaran rediyo. Tela ce mai hannu, tana da ɗan shagonta a bakin titi. Wanda za ta aura mawaƙin hip-hop ne, masoyansa suna kiransa Guguwa, ita kuwa Mawaƙi take ce masa don tsokana. Da farko Baba bai so zancen ba. "Wannan waƙar da ake yi kamar ana yi wa mutum faɗa?" Amma yaron ya yi ta zuwa shago yana riƙe masa fitila yana miƙa masa sukundireba, har Baba ya sauko, iyaye suka tsayar da magana. Waƙar da za a saki yau ma don Auta ya rubuta ta, a kan yarinya mai tsiwa wadda kullum akwai guntun zare maƙale a mayafinta.

Da lokaci ya yi, Baba da kansa ya jona wayar da talabijin, yana ta cika baki cewa a gidan nan babu mai kallon surukinsa a ƙaramin gilashi. Kiɗa ya tashi, Yaya ta fara gyaɗa kai.

Can sai gyaɗa kan ya tsaya. Ga Guguwa a tsakiya da baƙin tabarau, fuskarsa ta cika talabijin. Kewaye da shi 'yan mata ne a jikin motoci, ana fesa musu ruwa, cikin kayan da Auta ta ƙiyasta ko rabin yadi ba su ci ba. Kyamarar tana bin jikinsu a hankali, amma da ta zo wuya sai ta sauka. Ko ɗaya ba a nuna fuskarta ba.

Baba ya yi gyaran murya ya kai hannu zai kashe. A daidai nan aka nuno wata mace ta baya, cikin doguwar riga shuɗiya mai aljihu ruwan ɗorawa, ta sunkuya tana ɗaukar wani abu a ƙasa. Aka rage gudun hoton, aka matso da shi, aka sake maimaitawa.

"Auta," in ji Yaya da ƙaramar murya, "wannan ba rigarki ba ce?"

Ita ce. Auta ta tuna ranar: ta je wurin ɗaukar bidiyon ne don ta kai masa jaket ɗin da ta ɗinka masa, ledar ta suɓuce mata a bakin ƙofa, ta sunkuya ta ɗauka. Ko zama ba ta yi ba ta juyo.

Baba ya kashe talabijin, ya naɗe wayar wutar a hannunsa sannu a hankali. "Ki gaya masa kada ya tako gidan nan sai na neme shi."

Washegari da hantsi sai ga Umma, mahaifiyar Guguwa, ko zama ba ta yarda ta yi ba.

"Malam, duk matan layinmu sun gane rigar nan, da ita ta zo gaishe ni. Tun jiya wayata ba ta huta ba. Ni gaskiya ba zan karɓi surukar da duniya ta gama kallo ba."

"Hajiya, wa ya nuna wa duniyar?" in ji Baba.

"Shi namiji ne, sana'arsa yake yi. Ita me ya kai ta cikin 'yan rawa?"

"To madalla. Ni ma ba zan ba wanda ya tallata 'yata ita ba. Kin ga mun hutar da juna."

Auta tana bayan labule tana ji, hawaye na zuba. Yaya ta ɗaure ɗankwali za ta fita, Auta ta riƙe mata zane. "Don Allah Yaya, uwarsa ce. Ki bar ta."

Kwanakin da suka biyo baya sun yi mata nauyi. Masu kawo ɗinki suna shigowa da tambayar da ba ta shafi ɗinki ba, samari suna wucewa ta ƙofar shago suna rera waƙar da gangan. Ba ta tanka wa kowa ba, ba ta kuma rufe shago ba. Guguwa ya yi ta kira ba ta ɗauka, har ranar da ya zo da kansa, ba tabarau, idanunsa sun yi ja.

"Sori, Auta. Wallahi ban san ke ce ba. Na rantse ban sani ba."

Ta ci gaba da taka keke. "Kafin a sake shi, ka kalla?"

"Na kalla mana, sau da yawa. Ni na ce oke."

"Kuma ba ka gane ni ba."

"Ta yaya zan gane ki? Ai ba a nuna fus—"

Ta tsayar da keken ta dube shi. "Ƙarasa mana, Mawaƙi. Ba a nuna fuska ba. Ni na yarda ba ka sani ba, kuma abin da ya fi ƙona min rai ke nan. Da wata ce ba ni ba, da yanzu kana can kana karɓar gaisuwa. Sauran da ke ciki fa? Faɗa min sunan guda ɗaya."

Ko suna ɗaya bai sani ba.

"Waƙar soyayya ka ce ka yi min. Ni ban ga soyayya a ciki ba, na ga dai an jera motoci an jera mata. Je ka, ina da aikin mutane."

Daga nan situdiyo ya nufa. Darakta, wanda ya shirya bidiyon, yana kishingiɗe yana duba waya, ya tare shi da murna. "Ka ga yadda ake kallo kuwa? Mun fashe, mutumina."

"Wa ya ba ka izinin ɗaukar wadda zan aura?"

"Haba, ni na san taka ce? Hoton ne ya zo da kyau, yaron kyamara ya ɗauka. Kasuwa haka take so. Fuska ba ta sayar da waƙa."

"Tawa fa? Ai ta cika bidiyon."

"Kai ne tauraro, su ado ne."

Guguwa ya ce a sauke bidiyon. Darakta ya tashi zaune ya gaya masa cewa in ya sauke, to ya nemi wani situdiyon, kuma ya manta da wasan waƙar da aka shirya masa. A gabansa Guguwa ya shiga shafinsa ya goge shi, duk da ya san shekarun da ya yi yana jiran irin wannan dama. Kafin yamma abokansa sun sa masa suna Ustaz.

Abu ɗaya ya tsaya masa a rai, tambayar da Auta ta yi masa. Ya shiga neman 'yan matan ɗaya bayan ɗaya yana ba su haƙuri. Wata ta rufe masa ƙofa, wata ta yi masa dariya ta ce ita aiki ta yi aka sallame ta. Ta ƙarshe ita ce shugabarsu, wadda suke kira Doguwa. Ya same ta a wani ɗakin motsa jiki tana koya wa mata rawa.

"Yau ka san muna da baki ke nan," in ji ta. "Ka san tun ina ƙarama nake koyon rawa? Mun yi sati muna haɗa taku saboda waƙarka. Da bidiyon ya fito na kira ƙannena mu kalla, ban ga takun ba, ban ga kaina ba. Da kayanmu muka zo, aka ce ba su yi ba, aka miƙo mana waɗancan."

Ya sunkuyar da kai ya ba ta labarin Auta. Doguwa ta ɗan yi tunani, ta ɗauko wayarta. Ashe ranar da aka ɗauki bidiyon tana ɗaukar 'yan ƙungiyarta suna gwaji, kuma ƙofa ta fito a hoton. Ga Auta ta shigo da sallama, ga leda ta faɗi, ga Darakta ya taɓa mai kyamara ya nuna masa ita da baki.

Guguwa bai yi wa Umma dogon bayani ba. Ya zauna a ƙasa kusa da ƙafarta ya miƙa mata wayarsa, ya kunna mata hoton da Doguwa ta tura masa. Ta kalla, ta sake kalla.

"Jaket ɗin da kake ta yanga da shi ta kawo maka?"

"Shi ne, Umma. Laifin nawa ne. Ba ita kaɗai ba, har sauran. Su ma 'ya'yan wasu ne."

Umma ta mayar masa da wayar. Sannan ta ce ya tashi ya ba ta wuri, ta jawo akwatinta.

Da safe Auta tana share shago sai ga Umma da atamfa a hammata, fuska a ɗaure. "Ɗinki na kawo. An ce kin iya."

Auta ta durƙusa ta gaishe ta, ta ɗauko tef. Umma ta ɗaga hannuwa ana auna ta, tana kallon silin.

"Kafaɗar nan kada ki matse."

"To, Umma."

"Hannun ya sauko sosai." Ta saci kallon Auta. "Kuma... bakin nan nawa, in da yadda za ki rage masa tsawo, ki rage."

Auta ta yi ƙoƙarin danne dariya ta kasa, dariyar ta zo tare da kuka. Umma ta jawo ta ta rungume, tef ɗin ya naɗe su su biyu.

"Ki yafe min, 'yata. Na ga ɗana a tsakiyar abin, na tsallake shi na hau kanki, don ke ce mai sauƙin hawa. Na faɗi magana a gidanku, ko 'uffan' ba ki mayar min ba."

"Ya wuce, Umma. Amma ki tsaya daidai, awon ya ɓace."

Baba ya fi wuyar sha'ani. Sai da Umma ta je da kanta ta ba shi haƙuri, sannan ya aika a kira yaron. Ya bar shi a tsugune yana ta gyaran wata tsohuwar rediyo kamar bai gan shi ba, sai can ya ce, "Riƙe min fitilar nan." Guguwa ya karɓa da sauri.

"Ban hana ka waƙa ba. Amma duk macen da za ta fito a aikinka, ta san ana ɗaukarta, ta gani kafin duniya ta gani, in ta ce a cire a cire. Ka iya?"

"Na iya, Baba."

"Haska nan, ba fuskata ba."

Sabon bidiyon a farfajiyar ɗakin motsa jikin aka yi shi, da kyamarar aro. Doguwa ce ta tsara komai, 'yan ƙungiyarta suka zaɓi kayan da suke so Auta ta ɗinka musu, aka nuna takunsu tun daga ƙafa har murmushi, aka rubuta sunan kowacce a ƙarshe. Auta ta ce ita ba za ta fito ba, ba wanda ya matsa mata. Wadda ta ba kowa mamaki Umma ce. Ta zo ne wai don ta sa ido, sai ga ta a gaban kyamara cikin sabuwar atamfarta tana tambaya ko ɗaurinta ya zauna. Da aka zo tacewa ta sa aka maimaita wurinta, wai ta ƙifta ido.

Bai samu masu kallo kamar na farko ba, kuma wasan da Darakta ya janye bai dawo ba. Guguwa ya ji zafin hakan, bai ɓoye wa Auta ba. Amma a hankali aka fara kiransa wuraren da da ba a kiransa, makarantu da tarukan iyali, kuma wasu mawaƙan suka fara neman Doguwa ta tsara musu nasu.

Ranar bikin, gidan Baba ya cika har waje. Doguwa da 'yan ƙungiyarta suka yi rawar da ta sa tsofaffi miƙewa, Yaya ta yi ta kuka tana cewa hayaƙi ne, Umma kuwa duk wadda ta shigo sai ta kama hannunta ta kai ta gaban amarya ta ce, "Kin ga 'yata." Da ango ya karɓi makirufo zai yi waƙa, muryarsa ta sarƙe a baiti na farko, sai amarya ta ɗago mayafi kaɗan ta ce, "Mawaƙi, ko in karɓa maka?" Wurin ya kaure da dariya.

Haka Auta ta ci ribar haƙurinta. Ba ta rama zagi ba, ba ta kuma haɗiye gaskiya don a zauna lafiya ba. Ta faɗe ta ga wanda ya kamata ya ji, ta koma kan aikinta. Samari masu waƙa da masu kallo, ku tuna cewa duk macen da aka nuna muku a gilashi mutum ce, tana da suna, tana da gida, tana da masu jin kunya ko alfahari saboda ita. Kada mutum ya jira sai abin ya faɗo kan tasa kafin ya gane haka.