Kwalbar da Malama Ta Zubar

Kwana goma sha ɗaya ke nan Dogo mai aski bai buɗe shagonsa ba. Yana kwance a doguwar kujerar falo, labule a sake, fanka a kashe, don ko ƙarar juyawarta ba ya iya jurewa. Matarsa, wadda kowa ke kira Malama saboda tana koyar da 'yan aji ɗaya, ta matse tawul a ruwan sanyi ta ɗora masa a goshi.

"Ya kan?" ta tambaya a hankali.

"Kamar an kunna kilifar aski a cikin ƙwaƙwalwata an manta ba a kashe ba. Ga tashin zuciya. Dubi hannuna."

Ta duba. Hannun da ke fitar da layin aski tamkar da rula aka ja, yau rawa yake yi, ko kofin shayi ba ya riƙuwa. Ta sake roƙonsa su je asibiti, ya sake girgiza kai. Likita zai yi tambaya, shi kuwa tambayar yake gudu.

Wata biyu da aurensu Malama ta gane mijinta yana shan giya. Ba ya tangaɗi, ba ya zagi. Sai dai ya dawo da alewa mai yaji a baki, ido jajur, yana dariyar da ba ta da dalili. Ta yi kuka, ta yi faɗa, ta yi lallashi, shekara guda cur. Abin da ya karya shi wani dattijo ne da ya daɗe yana aske masa. Ranar Dogo ya kurɓa tun da rana, reza ta zame ta tsaga wuyan dattijon. Mutumin ya dafe wurin, ya shaƙi numfashin Dogo, ya dube shi ta madubi, ya tashi ya fita. Dogo ya dawo gida ya rantse ya bar giya har abada. Abu ɗaya ya roƙa: kada Inna, mahaifiyarsa, ta ji. Tana da hawan jini, kuma a cikin 'ya'yanta da shi take alfahari. Malama ta yi alkawari.

Malama tana sauya masa tawul ɗin aka banko ƙofa, sai ga Inna.

"Ina ɗan nawa? Innalillahi! Dubi yadda kika mayar min da yaro!"

"Sannu da zuwa, Inna. Bari in kawo miki ruwa—"

"Riƙe ruwanki! Shekara talatin ina tare da shi, ko ciwon kai na kwana biyu bai taɓa yi ba. Kullum cikin fara'a. Daga shigowarki gidan nan ya fara ramewa, yanzu ga shi a kwance kamar tsumma. Me kike zuba masa a abinci?"

Malama ta ji kamar an watsa mata ruwan zafi. Ta dubi mijinta. Ya ja tawul ya rufe idonsa.

Tun daga ranar Inna ta tare a gidan. Ta karɓe kicin, ta ware wa ɗanta kwano da cokali, ta hana shi cin duk abin da hannun Malama ya taɓa. Idan Malama ta dawo daga makaranta, sai ta tarar an bincike mata akwati, an kwance ƙullin kayanta ana neman abin da ba ta ajiye ba. Matan maƙwabta da suka saba tsayar da ita hira a bakin famfo suka koma amsa gaisuwarta da ka. Ita ce ke wanke amai, ita ce ke sauya zanin gado in gumi ya jiƙa shi, ita ce ke fakar idon Inna ta ɗura masa ruwa, kuma ita ce muguwa! Sau nawa maganar ta zo mata har bakin harshe, ta haɗiye ta da ƙyar.

Ranar Asabar da la'asar yayan Dogo ya zo, direban babbar mota, mai yawan surutu da ƙaton agogo. Shi ne ya fara kai Dogo mashaya tun suna samari. Malama ta san da haka, shi ma ya san ta sani. Inna ta leƙa maƙwabta. Malama tana shanya a tsakar gida ta jiyo muryar Yaya ta taga.

"Kai ma da taurin kai. Wa ya ce maka haka ake bari? Kurɓa biyu kawai, wallahi kafin magariba ka miƙe garau. Ga ta na juye maka a kwalbar magani, ba wanda zai gane."

Ta yar da rigar da ke hannunta ta faɗa ɗakin. Kwalbar tana hannun Dogo, murfin a buɗe, idonsa ya cika da ƙwalla. Ta fizge ta, ta fita, ta tuttular da ita a magudanar ruwa har ɗigon ƙarshe.

"Yaya, ka ji tsoron Allah! Kwana goma sha shida yana wahala, ka zo ka rushe a minti ɗaya?"

Daidai nan Inna ta shigo. "Me ake zubarwa?"

Yaya bai ko ƙifta ido ba. "Maganin ciwon kai ne, Inna. Takanas na sayo masa a kan hanya, ta ƙwace ta zubar."

"Magani?" Muryar Malama ta tsinke. "Yaya, magani ka ce? Inna, ki shinshina ki ji!"

"Na ji, ai magani da wari aka san shi! To yau dai na gani da idona. Ba ki son ya warke. Tattara kayanki ki bar min gidan ɗana!"

Malama ta juya ga mijinta, wanda ya dafa bango ya fito bakin ƙofa. Kalma ɗaya take jira. Ya buɗe baki, ya dubi mahaifiyarsa, ya dubi yayansa, ya sunkuyar da kai.

Ba ta yi kuka a gabansu ba. Ta cusa kaya kala uku a jaka, ta wuce gidan iyayenta. Mahaifiyarta ta yi tambayar duniya, ita dai ta ce saɓani ne. Amma a ɗaki ta ciji filo ta yi kuka mai cin rai. Takaicinta a kan Inna kaɗan ne, don Inna ba ta sani ba. Yaya kuwa dama ba ta sa ran alheri daga gare shi. Shirun Dogo ne ke ƙona ta. Ta ce a ranta ta gama, ya je ya ƙarata da danginsa. Sai kuma ta tuna Yaya yana da mota, mashaya ba ta da nisa, kuma yanzu babu mai fizge kwalba ta biyu.

Washegari da hantsi ta tsayar da tasi a ƙofar gidan.

"Ba na kore ki ba?" in ji Inna.

"Kin kore ni, Inna, kuma ba zama na zo yi ba. Asibiti zan kai shi. Ki shigo mu tafi tare, in guba na ba shi likita ya faɗa a gabanki, ki kira min 'yan sanda."

Wannan ta yi wa Inna daidai. Ta yafa mayafi ta shige gaba.

Likitar mace ce mai gilashi, ba ta da wasa. Ta gwada jininsa, ta haska idonsa, ta ce ya miƙa hannuwa. Ta daɗe tana kallon rawar da suke yi, sannan ta ce, "Ku ɗan ba mu wuri, akwai tambayar da zan yi masa shi kaɗai."

Malama ta miƙe. Dogo ya riƙo gefen mayafinta.

"Likita, su zauna. Na san tambayar." Ya dubi mahaifiyarsa. "Giya nake sha. Shekara tara. Yau kwana goma sha bakwai da na daina."

Inna ta yi dariya, irin ta wanda bai ji daidai ba. "Zafin ciwo ne, likita. Wannan ko sigari—"

"Inna, gaskiya ce. Ramar da kika gani ita ce, fara'ar ma ita ce. Matata ce ta tsaya a kaina har na bari, ni na roƙe ta kada ta faɗa miki. Abin da ta zubar jiya ba magani ba ne. Giya ce Yaya ya kawo min. Ina tsaye aka kore ta a kan laifina, na kasa buɗe baki."

Likita ta cire gilashinta. "To ku saurara. Jikin da ya saba da giya shekaru, in aka yanke masa ita rana ɗaya sai ya yi bore: ciwon kai, rawar hannu, gumi, rashin barci. Wasu har farfaɗiya suke yi, wasu su rasa ransu. Ya kamata tun ranar farko a kawo shi, ba a zauna ana ɓoye-ɓoye ba. Allah ya taimake ku ya wuce kwanakin da suka fi haɗari. Jininsa ya hau, za mu yi gwaje-gwaje, zan ba shi magani, ya riƙa dawowa duk mako. Ciwon kan zai iya ɗaukar makonni. Amma da ya sha abin da ke cikin kwalbar nan, da an koma farko."

Suka fito. A barandar asibitin Inna ta zauna a benci, ta rufe fuska da mayafi, kafaɗunta suna girgiza. Malama ta tsorata da hawan jinin, ta durƙusa ta riƙe ta.

"Sake ni, 'yar nan, ban cancanta ba. Na bincike miki akwati. Na ɓata ki a unguwa. Me ya hana ki faɗa min?"

"Alkawari na yi, Inna."

Da yamma Yaya ya zo gaisuwa yana karkaɗa makulli. A bakin ƙofa Inna ta tare shi, a gaban matan da ke ɗibar ruwa. "Kai ne mai magani? Ka dubi idona ka yi min ƙarya, ka sa na kori baiwar Allah! Kada ƙafarka ta sake taka gidan nan sai ka je wurin likitar da ƙaninka ya je!" Ta bi matan ɗaya bayan ɗaya ta wanke surukarta da bakinta.

Malama ba ta dawo ranar ba. Sai da ta yi mako guda a gidansu, Dogo yana zuwa kullum da ledar magungunansa yana zama a dakali. Rana ta bakwai ta fito.

"Na iya zama da mai ciwo," ta ce. "Na iya zama da mai tuba. Amma ba zan sake zama da mutumin da za a wulaƙanta ni a gabansa ya yi shiru ba. Ni ma na yi kuskure da na biye maka muka ƙi asibiti. Daga yau babu sauran ɓoyo a gidanmu."

"Babu," ya ce, hawaye na bin fuskarsa.

Ciwon bai tafi lokaci ɗaya ba. Wata rana ya tashi garau, wata rana ya wuni da kai a dafe. Sai a mako na bakwai ya buɗe shago, Inna da Malama suka share masa shi tare, suna faɗan wa ya fi iya goge madubi.

Haƙurin Malama bai faɗi ƙasa ba: ta samu miji mai lafiya da uwar miji da ba ta yarda a taɓa ta. Amma gidan nan ya sha wahalar da bai kamata ya sha ba. Wanda ya yi niyyar barin mugun abu, ya nemi likita, ya faɗa wa nasa gaskiya, kada kunya ta sa ya bar mai ƙaunarsa ta ɗauki laifinsa. Iyaye kuma su bincika kafin su yanke hukunci, don sau da yawa wadda ake zargi ita ce ke riƙe da ɗan nasu.