Rijiyar da Shatu Ta Rufe

Ranar da abin ya fara, maraice ne irin na kullum a Kwarin Kalgo, wani ɗan ƙauye da ke arewa da Daura. Rana ta yi ja ta faɗa bayan kukoki, awaki sun dawo da kansu sun tsaya a bakin turke, hayaƙin kara yana tashi daga kowane gida. Shatu ta taso daga ɗan asibitin garin, inda ita kaɗai ce malamar jinya, ta zauna a bakin murhu tana tuƙin tuwo. Mijinta Mati, mai fataucin tumaki, yana zaure yana alwala. 'Yarsu budurwa, Sadiya, ta tafi famfo ɗebo ruwa.

Sai dutse ya faɗo a kan kwanon ɗaki.

Shatu ta ɗaga kai ta yi tsaki, ta ɗauka ɓarnar yara ce. Na biyu ya sauka a tsakar gida. Na uku ya daki murfin tukunya, ya gangaro ya tsaya daidai ƙafarta. Da ta ɗauka sai ta ji shi sanyi ƙalau, jiƙe sharkaf, gansakuka ta lulluɓe shi, alhali bazara ce, ko ɗigo ɗaya sama ba ta yi ba. Ta kai shi hanci. Ta san warin nan. Warin tsohuwar rijiya ne.

Tsohuwar rijiyar tana kwari, a bayan gari, kuma da ita aka sari garin. A daminar da ta wuce ruwa ya kwaso ƙazantar masai ya zuba a cikinta, amai da gudawa suka shiga gida-gida. Shatu ta yi ta ɗaura ƙarin ruwa har a gindin bishiya, don gadajen asibitin ba su isa ba. Cikin waɗanda suka tafi har da autanta Mahdi, wanda ya cika a kan cinyarta tana laluben jijiya a ɗan hannunsa ba ta samu ba. Ba ta yi kuka a gaban mutane ba. Ta dai rantse a ranta sai ta ga bayan rijiyar nan.

Ta yi ta sintiri tsakanin ƙauye da sakatariya har takalminta ya cinye, sai da wata ƙungiya ta zo ta haƙa rijiyar burtsatse, aka ɗora tanki, aka sa sola. Duk da haka tsofaffi ba su daina zuwa kwari ba, wai ruwan famfo ƙarfe yake yi a baki, ba ya daɗin fura. Shatu ta je gaban Mai Gari Mainasara ta kafe, har ya ba da izini. Da hannunta ta juye maganin kashe ƙwayoyin cuta a cikin rijiyar, magina suka ja murfin siminti suka kife, ita kuma ta dafa shi ta ce, “Bismillahi.” Ranar ta yi barci irin na wanda ya binne maƙiyinsa.

Tana riƙe da dutsen nan Sadiya ta shigo. Ba ta yi sallama ba. Ta tsaya a bakin ƙofa da jarka a kanta, ruwa yana zuba ta wuyanta, idanunta a kan uwarta ba ƙiftawa.

“Sadiya, lafiya? Sauke mana.”

Bakin yarinyar ya buɗe, amma muryar da ta fito ba tata ba ce. Murya ce mai kauri, mai amsa-kuwwa, kamar daga ƙasan rami.

“Wa ya rufe mini ƙofa?”

Jarkar ta faɗi ta fashe, yarinyar ta bi ta.

Daga ranar, gidan Mati bai sake ganin magariba lafiya ba. Da rana Sadiya tana kwance shiru, ba ci ba magana. Da zarar inuwa ta miƙe, kaji sun shiga akurki, sai jifa ta fara. Randar da aka cika da ruwan famfo da safe, kafin a kira salla ta koma baƙa, tana wari. Wani lokaci idan Shatu ta sunkuya da moɗa sai ta ji kukan jariri can cikin randar, siriri, kamar wanda ya gaji. Ita kuwa Sadiya sai ta tashi ta nufi kwari, ta durƙusa a kan murfin simintin tana yaƙusarsa har faratanta su yi jini, ƙarti su taru da ƙyar su ɗago ta.

Shatu ta yi duk abin da ta sani. Ta gwada jini, babu zazzaɓi. Ta kai ta babban asibiti a Daura, likita ya duba ya ce bai ga komai ba. Suna dawowa gida jifa ta tarbe su tun daga zaure.

Gari ya ɗauki magana. Waɗanda suka yi mata godiya ranar buɗe famfo su ne yanzu suke kawar da kai idan ta gaishe su. Tsofaffin mata suka riƙa zuwa suna raɗa mata cewa tun da Shari'a ta zo garayar bori ta yi shiru a nan, amma a tsallaken iyaka akwai masu yi, ta kai yarinyar a roƙi masu abu. Mai Gari kuma ya aiko cewa jama'a sun matsa, a fasa murfin a huta.

“Shatu,” in ji Mati, murya ƙasa-ƙasa, “yarinyar nan ƙarewa take yi. Ko mu bari a buɗe?”

“Malam, in an buɗe gobe za su koma sha. Kai ka haƙa kabarin Mahdi. Kana da ƙarfin haƙa wani?”

Da gari ya waye Mati ya hau babur ya tafi Daura, ya dawo da Malam Kalilu a bayansa, wani dattijo siriri mai ƙaramar murya, wanda aka sani da ruƙiyya. Malamin ya ƙi fura, ya ƙi hutawa. Ya sa aka daka ganyen magarya aka zuba a ƙwarya, aka lulluɓe Sadiya da mayafi a kan tabarma, uwarta ta riƙe kafaɗunta, ubanta ya riƙe ƙafafu. Rana tana gab da faɗuwa ya fara karatu.

Gidan ya yi tsit. Ko akuya ba ta motsa ba. Karatu yana tafiya a hankali, duwatsu suka fara sauka kewaye da tabarmar, ba wanda ya taɓa mutum. Da ya yayyafa ruwan magarya, Sadiya ta banƙare, ta yi wata ƙara da ta sa jariran maƙwabta suka ɗauki kuka.

“Ya isa, Kalilu! Kana ƙona ni!”

“Wace ce ke?”

“Sunana ba naka ba ne. Ni ce mai rijiya. Ina cikinta tun kafin kakan Mainasara ya san hanyar garin nan.”

“Me yarinya ta yi miki?”

“Ba ta yi mini komai ba. Ɗana ma bai yi wa kowa komai ba.” Kan Sadiya ya juya a hankali har idanunta suka sami na Shatu. “Na fita nema, na bar shi yana barci a kogon bango. Wannan matar ta zuba masa wuta a ruwa, ta kife murfi, ta ambaci sunan Allah a kai. Kai malami ne, ka san abin da aka rufe da sunan nan ba ma iya buɗe shi. Na zauna a kan simintin ina jin kukansa. Ina ji, ina ji, har ya daina.”

Tsohon ɗacin da ke ran Shatu ya taso ya rufe tsoronta.

“Nawa fa?” ta ce. “Ruwanki ne ya kashe mini Mahdi!”

“Ni na haƙa masai a kan hanyar ruwa? Ni nake zuba shara a kwari? Ku kuka ɓata ruwan, har mu muna toshe hanci. Kun kashe naku da hannunku, sannan kika zo kika kashe nawa. Ko sallama ba ki yi ba, Shatu. Ko kaza za a rufe wa akurki ana leƙawa.”



Malam Kalilu ya ce, “An zalunce ki, ba da sani ba. Amma wani ba ya ɗaukar laifin wani. Faɗi abin da zai fitar da ke, ko in ci gaba da karatu har ki zama toka.”

“A buɗe rijiya, a bar ta a buɗe. Su sha. In damina ta zo in zauna a bakinta ina kallon makara tana wucewa, har zuciyata ta yi sanyi. In ba haka ba, na tafi da wannan.”

Numfashin Sadiya ya fara sarƙewa. Mati ya dubi matarsa, hawaye yana bin gemunsa. “Shatu, don Allah.”

Shatu ta dubi fuskar 'yarta, wadda ta rame har ƙasusuwan kumatu sun fito. Ta tuna matan da suka kwana a gindin bishiya riƙe da ledar ƙarin ruwa. Ta ji kamar ana tsaga ta biyu.

“Za a buɗe ki ɗauki ɗanki,” ta ce. “Wannan haƙƙinki ne. Amma ba mai sake shan ruwan nan, ko za ki kashe mu duka. In fansa kike nema, ga ni. Hannuna ne ya zuba, bakina ne ya ambata. Ki saki yarinya ki kama ni.”

“Kul!” in ji Malam Kalilu. “Ba a ƙulla alkawari da su!”

Amma magana zarar bunu ce. Bakin Sadiya ya yi wani murmushi da ba nata ba.

“Na karɓa. Ba zan kashe ki ba, mutuwa hutu ce. Ke da kika kawo wa gari ruwa mai daɗi, ke da daɗin ruwa har abada. Abin da ɗana ya sha, shi za ki riƙa ji.”

Malamin ya ɗaga murya da karatu, ya sa ta rantse da Wanda ya halicce ta cewa ba za ta sake kusantar yarinyar ko wani ɗan garin ba. Ta rantse tana gurnani. Sadiya ta yi atishawa mai ƙarfi, babban yatsan ƙafarta ya karkaɗa, jikinta ya saki. Can ta buɗe ido ta ce, “Inna, ƙishirwa nake ji.”

Washegari bayan la'asar magina suka ɗaga murfin, Malam Kalilu ya sa kowa ya ja baya ya juya fuska. Ba wanda ya ga komai. Sun dai ji iska mai sanyi ta wuce ta tsakaninsu ta faɗa ramin, sannan wani kuka ya taso, kukan uwa, wanda ya sa matan da ke wurin suka toshe kunne. Guguwa 'yar ƙarama ta fito ta yi arewa, tana tafiya a hankali kamar mai ɗauke da kaya. Kafin magariba an cike rijiyar da ƙasa har baki.

Da Shatu ta koma gida ta kai moɗa baki, sai ta furzar. Ruwan yana ƙuna, yana ɗaci, kamar an jiƙa garwashi da maɗaci. Mati ya kurɓa daga moɗar ya ce garau yake. Ta gwada na leda, ta gwada na sama da damina ta sauka, har zamzam wani alhaji ya kawo mata. Duk ɗaya. Malam Kalilu ya yi mata addu'a iyakar yinsa, daga baya ya ce, “Wannan da bakinki kika saya. Sai haƙuri.”

Daminar ta zo ta wuce, wata ma ta zo, ba a ɗauki yaro ko ɗaya zuwa maƙabarta saboda amai da gudawa ba a Kwarin Kalgo. Labari ya kai ƙauyukan kewaye. Da mutanen wata ruga ta wajen Mashi suka sami tasu burtsatsen, sai suka aiko a roƙi Shatu ta zo ta tsaya a kan rufe tsohuwar rijiyarsu.

Ta je. Amma ta hana magina taɓa komai. Ta durƙusa a bakin ramin ta leƙa, ta yi sallama da ƙarfi, ta ce, “Za mu rufe nan jibi. Duk mai ɗa a ciki ta ɗauke abinta.” Matasa suka yi ta dariya a ɓoye, ba ta kula su ba.

Da za ta tafi, matar ardo ta taro ruwan sabon famfon a ƙwarya ta miƙa mata da hannu biyu. Shatu ta karɓa, ta rufe ido, ta shanye tas, jijiyoyin wuyanta suna tashi.

“Malama, yaya kika ji shi? Da daɗi ko?”

Shatu ta goge bakinta da gefen hijabi. Ta dubi yaran da suka yi cincirindo a bakin famfon, suna tara hannu suna sha, ruwa yana bin haɓarsu.

“Tambayi waɗancan,” ta ce. “Su suka sani.”