Mai Awon Rana

"Ka ɗago ka dube ni!"

Saurayin Auta bai ɗago ba. Yana durƙushe a saman benen ma'aikatarsu, hannunsa kan wani bututun ƙarfe mai kallon sama, gumi na ɗiga daga haɓarsa.

Auta ta cire zoben alkawari.

"Tun safe Baba ke zaune da sabuwar riga yana jiran ka zo gaisuwa! Goggo har ta kawo ɗanta mai shagon taya, wai ga miji na gaske..."

"Hasken idona, ki yafe ni. Injin da ke juya na'urar ne ya mutu, da hannu nake bin rana da ita. Yau kaɗai sama ta washe bayan makonni, in na saki, aikin shekara ya tafi."

Sai ga tari daga matakala. Baba ne, yana haki.

"Kai ne mai awon rana? To mudu nawa ka samu?"

Saurayin ya rusuna, amma bai saki bututun ba.

"Baba, leƙa nan. Wannan ɗigon hasken, in ya zauna kan tabon nan, bakin na'urar na kallon ƙwayar rana sak. Allurar can kuma ƙarfinta take faɗa."

Baba ya taɓe baki, ya cire hula ya tare bakin bututun.

Allura ta faɗi ƙasa warwas!

Ya janye. Ta miƙe.

Ya sake. Ya kuma sakewa, kamar yaro ya samu abin wasa.

Can allura ta ɗan sunkuya da kanta.

"Ban taɓa ba!"

"Wani siririn gajimare ne ya gifta, Baba."

Tsohon ya kare ido da tafi, ya duba sama. Tas take.

"Ikon Allah... Tun ina goye take gasa min ƙeya, ban taɓa sanin tana numfashi ba."

Ya ƙura wa allurar ido. Auta ta matso, ita ma ta kasa ɗauke ido.

"Baba... Goggo fa na jira."

"Ta sha zamanta. Mai da zobenki, 'yar nan. Wanda ya iya bin rana wuni guda bai kau da kai ba, shi zai iya da ke. Kin fi ta zafi."

"Kai, Baba!"

"Kai kuma matsa, surukin banza. Nuna min inda ake murɗawa."