Bugun Agogon Baba Mumuni

Ranar da Tajudeen ya dawo daga Yendi da agogon mahaifinsa ɗaure a hannu, yammacin bai bambanta da kowane yammaci ba a unguwarsu ta Salaga. Mahaifiyarsa, Mma Lamisi, tana tuƙa tuwo cikin mayafin takaba. Ƙanwarsa Zaliha tana kwashe shanya daga igiyar da aka ɗaura tsakanin mangwaro da tsohuwar rijiyar gidan, wadda aka rufe da katako tun zuwan famfo. Kwana hamsin ke nan da rasuwar Baba Mumuni.

A Bawku ya rasu, wajen fataucin shanu, a can kuma aka binne shi kafin la'asar. Tajudeen yana Tamale ranar, a layin neman aiki, wayarsa a kashe. Bai ga gawa ba, kuma har yau bai je kabari ba. Kullum sai ya ce hanya ba kyau. Abin da ya dawo gida shi ne jaka da carbi da tsohon agogon nan da ake murɗawa da hannu, ya tsaya cik. Nashiru, dattijon da ke gyaran agogo a kasuwar Yendi, ya buɗe shi ya ce sifirin ne ya tsinke, irinsa kuwa an daina kawowa, sai an jira a samu a jikin wani mataccen agogo. Tajudeen, da digirinsa na injiniya, ya ce jiran me? A kwashe kayan cikin a sa injin batir, ba murɗawa, ba tsayawa. Dattijon ya ce to fuskar kawai zai tafi da ita. Shi kuwa ya yi dariya ya ce ai fuskar ake kallo.

Da ya miƙa wa Mma, sai ta kara shi a kunne. Ta daɗe, sannan ta ce ba muryarsa ba ce. Na Baba sauri yake yi kamar zuciyar ɗan tsako, wannan kuwa ɗaya-ɗaya yake sauka kamar ɗigar famfo. Ta mayar masa, ta koma kan tukunyarta.

Ladan bai gama kiran magariba ba dutse na farko ya faɗo a kan kwanon ɗaki. Na biyu ya fasa randa. Tajudeen ya zagaya bayan katanga bai ga kowa ba. Da ya ɗauki ɗaya daga cikin duwatsun, sai ya ji shi jiƙe, da sanyi, da gansakuka a jikinsa, ga shi an yi wata biyu ba a ga ruwan sama ba.

Haka aka yi kwana uku. Almuru na yi, kaji su yi tsit, jifa ta fara, kuma ba ta farawa sai Tajudeen ya shigo gida. Rana ta huɗu suka iske Zaliha zaune a kan katakon rijiya, idonta a buɗe amma ba ta ganin kowa, tana laluben iska. Duk wanda ya matso sai ta cafke wuyan hannunsa ta kai kunne, ta saurara, ta ture. Da ta kama na Tajudeen, sai ta shinshina fatar agogon, ta saurari bugun, ta saki wata ƙara da ta sa maƙwabta hauro katanga. Daga ranar ta bar cin abinci. Asibiti suka auna suka ce ba su ga kome ba. Cikin mako guda, awarwaron hannunta ya soma zamewa da kansa.

Mma ce ta aika aka kira Malam Abdul-Rashid, tsohon malamin da ke karantarwa a bakin kasuwa. Ya zo bayan la'asar, ya ƙi kujera, ya zauna a ƙasa kusa da rijiyar yana karatu a hankali, har inuwar mangwaro ta rufe tsakar gida. Sai bakin Zaliha ya buɗe, muryar wani tsoho ta fito, a dushe, kamar daga cikin tulu.

"Ina Mumuni?"

Malam ya tambaye shi ko shi wane ne. Muryar ta ce shi mazaunin rijiyar nan ne tun ana sauke goro a garin a kan jakuna. Danginsa duk sun watse da aka daina jan ruwa, shi ya kasa bin su, domin makaho ne. Shekara arba'in Mumuni yana zama a bakin rijiyar duk almuru, ya yi masa sallama, ya murɗa agogonsa, su zauna shiru. Da bugun nan yake gane shi cikin mutane. In zai yi tafiya kuwa, sai ya faɗa masa kwanakin.

"Bakwai ya ce mini. Na ƙirga bakwai, na ƙirga bakwai bakwai. Sai ga wani ya shigo da warin fatarsa, amma zuciyar ba tasa ba. Me kuka yi masa?"

Tajudeen ya tuna yadda shi da Zaliha suke yi wa Baba dariya, suna cewa tsufa ya sa shi gaida rijiya. Da ya rasu, an buga wa dangi waya a Makango, an buga Walewale, an sanar a masallatai, amma maƙwabcin da ya fi kowa kusa ba wanda ya gaya masa.

Malam ya juyo ya dube shi. "Kai ne babba a gidan yanzu. Ba ni zan faɗa ba."

Tajudeen ya durƙusa gaban ƙanwarsa. Tun ranar rasuwar bai taɓa furta kalmar da bakinsa ba.

"Baba ya rasu," ya ce. "A Bawku. Allah ya yi masa cikawa."

Sai hawaye suka gangaro daga idon Zaliha, muryar ta yi salati, ta maimaita. Can ta ce to a bar masa yarinyar, tafiyarta irin ta ubanta ce, zai riƙa jin takunta. Malam ya ce bai isa ba. 'Yar amininka ce kake kashewa da yunwa, da wane ido za ka sadu da shi gobe kiyama? Daga baya muryar ta ce a kai shi inda Mumuni yake kwance, ya yi masa sallamar da bai samu yi ba, ba zai dawo ba. Amma makaho ba ya tafiya sai da jagora, shi kuwa bugu ɗaya kawai ya sani. Malam ya sa shi ya rantse, ba yanka, ba turare, kuma zai saki yarinyar da zarar sun isa.

Da safe Tajudeen ya hau mota zuwa Yendi, yana addu'ar kada a ce an zubar da kayan cikin agogon. Nashiru ya karɓi agogon. Ya jawo gwangwanin madara, ya fito da kayan cikin a naɗe a tsumma, ya ce shi ba ya zubar da zuciyar agogon mamaci. Ya sa gilashi a ido, ya lanƙwasa bakin tsinkakken sifirin a kan wutar kyandir, ya maƙala shi. Ya ce gyaran wucin gadi ne, a murɗa kaɗan-kaɗan, in ya sake tsinkewa shi ke nan.

Tajudeen ya koma Salaga ya tsaya a bakin rijiya da almuru, ya yi sallama, ya murɗa. Bugun ya tashi da saurinsa. Mma ta rufe fuska da mayafi. Sai ya ji yatsu masu sanyi, marasa nauyi, sun zagaye wuyan hannunsa na hagu.

Ba su sake shi ba duk tsawon hanya. Ta Yendi suka bi washegari, suka gangara tudun Gambaga, fasinja suna barci, shi yana murɗawa sau uku-uku da tsoro. Rana ta yi ja suka isa maƙabartar Bawku. Wani abokin fataucin Baba ya nuna masa tudun ƙasar, ya ja da baya.

Tajudeen ya yi sallama. Kusa da kunnensa ya ji an yi wata sallamar, a dushe. Ya karanta abin da ya sawwaƙa, kuma yana cikin addu'a ya ji ɗan ƙaramin sauti a cikin agogon, bugun ya tsaya. Yatsun suka ɗan matse hannunsa, irin yadda dattijo ke yi in yana godiya, sannan suka saki.

Wayarsa ta yi ƙara. Mma ce, tana cewa Zaliha ta tashi, ta gane ta, tana neman koko. Ya ce alhamdu lillahi. Ta tambaye shi ko zai kamo hanya yau.

Ya dubi wuyan hannunsa, inda sanyin yake gushewa a hankali. Shi ma jagora aka yi masa zuwa nan.

"Sai gobe, Mma," ya ce. "Ban gama gaida Baba ba."