Tururin Tukunyar Inna

Gadon-tsaro, akwatin renon jarirai, yana ƙyafta koriyar fitila kusa da Barira, yana aika bugun zuciyar jaririyarta, bakwaini, zuwa asibitin Sabon Birnin Rima. Babu waya a tsakani, sai zaren haske da ido ba ya gani, daga ƙarfen da ke kan katangar gidan mahaifiyarta zuwa hasumiyar unguwa. Na'urar kan yanka saƙo ƙunshi-ƙunshi, a can a sake jera su. Idan wasu suka ɓace a hanya, likita giɓi kawai take gani, ba ta san ko layi ne ya yanke ko numfashi ba.

Safe da yamma kuwa, sai fitilar ta koma ja.

"In ya sake yi gobe, za mu dawo da ita asibiti," in ji Likita Asabe ta allo. "Ba zan yi ganganci da ran yarinya ba."

Malam Tanimu mai gyaran layi ya zo da hantsi, lokacin da ake yi wa maza iso. Ya auna, ya canja kebul. "Hajiya, layin nan garau yake."

"Garau in kana nan!" in ji Inna Tabawa, mahaifiyar Barira. "Kai yake jin tsoro ke nan."

Da la'asar Inna Tabawa ta ƙwala kira daga tsakar gida: "Ke mai jego, ruwa ya tafasa! Fito kar sanyi ya kama ki." Ta ɗage murfin tukunyar wanka, tururi mai ƙamshin darbejiya ya turnuƙe har ya lulluɓe ƙarfen katanga. Barira ta waiga ɗaki. Ja.

Ta ɗaga murya: "Inna, don Allah rufe!"

Tururi ya washe. Kore.

"Buɗe kuma."

Ja.

Inna ta riƙe haɓa. "Yau ga ikon Allah! Ashe ni ce ke tsinke wa takwarata layi?"

Da Barira ta kira Tanimu, sai da ya yi salati. "Mun yi tanadin ruwan sama, mun yi na tsuntsaye. Wa ya tuna da wankan jego?"

Suka ja murhu zuwa bayan ɗaki, Inna na mita tana dariya. Washegari fitilar ta wuni koriya, likita ta ce jaririya ta zauna gida.

Barira ta zura yatsa cikin gadon, ƙaramin hannu ya damƙe shi. Ta yi ta hamdala har hawaye. Sai ta hango tururi yana tashi daga wani gida can nesa, ta sake danna allo.

"Likita, jarirai nawa kuka raba da uwayensu bana saboda giɓin nan?"

Likitar ta buɗe rajistar bana, ta fara ƙirgawa.