Wa Ya Kwance Tukunyar Hayaƙin Premalal?

Da safiyar Talata na'urar gwajin hayaƙi a garin Kurunegala ta kayar da motar Premalal, motar da ko ledar kujerunta bai cire ba. Mai gwajin ya leƙa ƙarƙashinta, ya ɗago yana sosa ƙeya. Tukunyar da ke tace hayaƙi a jikin salansa babu ita, an ɗaura guntun bututu a gurbinta.

Premalal jigilar 'yan makaranta yake yi. Lasin motar zai ƙare ranar Juma'a, ba a sabunta shi sai da takardar hayaƙi, makaranta kuwa ba ruwanta da uzuri. Hankali a tashe ya isa caji ofis.

Sajan Kodikara, wanda keke kaɗai ya taɓa mallaka, ya saurare shi baki buɗe.

"Tsaya tukuna. An sace abu a jikin motar, amma tana tafiya?"

"Tana tafiya, Yallaɓai."

"Yaushe aka sace?"

"Ina na sani?"

"To me zan rubuta? Satar da ba rana, ba wuri?"

Sajan ya fara bincikensa da Nazeer, bakaniken da ke duba motar. Nazeer ya shiga ƙarƙashinta, ya fito yana tsaki.

"Ni? Haba Yallaɓai! Wanda ya ɗaure notocin nan har man kwakwa ya shafa musu gudun tsatsa. Ɓarawo zarto yake sawa ya arce. Wannan yana da niyyar mayarwa."

Kan Sajan ya ƙara ɗaurewa. Bai taɓa jin ɓarawo mai tausayin noti ba.

Sai Upul, ƙanin matar Premalal, wanda ko cokali ya ɓace a dangi shi ake fara harara. Ya ari motar ranar hutun ibadar cikar wata ya kai tsofaffi haikali.

"Ni da ko taya ban iya canzawa ba? Tambayi Yaya Sriyani!"

Yayar tasa ta ajiye wa Sajan shayi. "Wannan ragon? Ba shi ba ne. Tun kafin ya ari motar ta canza murya. Karenmu daga jin ƙararta a bakin layi yake rugawa yana kaɗa jela. Ranar da aka ɗauko ta daga gidan Baba kuwa, haushi ya dinga yi mata kamar baƙuwa."

"Me ya kai ta can?"

"Mun tafi jana'iza Anuradhapura a jirgin ƙasa, muka bar ta a wurinsa," in ji Premalal. "Amma Yallaɓai, mahaifina ne fa."

Sun tarar da tsoho Jinadasa, mahaifin Premalal, yana loda kwakwa a kwaraɓaɓɓiyar motarsa, wadda duk unguwa ta san hayaƙinta. Sabuwar takardar gwaji tana manne a gilashin. Sajan ya durƙusa ya leƙa. Ga tukunyar nan tana ƙyalli a tsakiyar tsatsa.

"Kare ya ba ni ranar satar," ya ce yana kaɗe gwiwa. "Man kwakwa ya nuna mini ba ɗan kasuwa ba ne, mai aro ne. Wa zai ara, in ba mai motar da ba za ta ci gwaji ba?"

Tsohon bai musa ba. "Aro ne. Ai ba a gwada sabuwar mota. Bara an gwada ta?"

"Bara shekararta ta farko ce, Baba! Bana dole ne!"

"To wa ya gaya mini?"

"Da ka tambaye ni."

"In tambaye ka, ka sake cewa in sayar da tawa ga masu gwangwan in zauna a gida? In zauna in yi me?"

 Sajan ya kama ɓarawo, amma ko kaɗan bai ji daɗi ba. Takardar gilashin dole ya ɓare ta, kuma duk sun san motar ba za ta ƙara samun wata ba.

"Kai ka kawo ƙara," ya ce wa Premalal. "In rubuta suna?"

Premalal ya girgiza kai. Tsohon ya ɗauko sifana, ya fara ƙoƙarin kwanciya ƙarƙashin motar, gwiwoyinsa suna gardama. Ɗan ya riƙo kafaɗarsa.

"Tashi, Baba, bayanka."

Ya karɓi sifanar, ya shige ƙarƙashin motar da aka yi ta kai shi makaranta a cikinta yana yaro, ya fara kwancewa yana kuka.